Daga Kano Zuwa Jidda Awa Nawa Ne? Yadda Ake Lissafin Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama

Yawancin tikitin jirgin sama lokaci biyu yake nunawa, na tashi da na sauka, kuma kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Shi ya sa za ka ga maniyyaci ya duba takardarsa, ya ga tashi daga Kano ƙarfe 1:00 na rana, sauka Jidda ƙarfe 7:30 na dare, ya ƙirga da yatsu ya ce awa shida da rabi. A dawowa kuma ya ga tashi ƙarfe 9:00 na safe, sauka Kano 11:30, ya ce ashe komawa gida awa biyu da rabi ce. Duka biyun ba haka ba ne. Tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa da dawowa, ratar agogo ce ta ƙara awa biyu a can, ta rage awa biyu a nan.

Lissafin nan ba na matuƙa jirgi kaɗai ba ne. Mai ciwon suga da ke shan magani a kan lokaci yana bukatarsa. Haka uwa mai goyo, da ɗan kasuwar da zai canza jirgi a wata ƙasa, da wanda zai je filin jirgi tarbar mahaifiyarsa. Kuma ba shi da wuya. In akwai biro da takarda da kalkuletar waya, mutum zai fitar da shi da kansa, ba sai ya dogara da bakin ejan ba.

Da nisa ake farawa, domin shi kaɗai ne ba ya canzawa. Kafin a auna shi kuwa, sai an tabbatar da filayen da ake magana a kai. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da aka san shi da su a duk duniya: Kano KAN, Abuja ABV, Legas LOS, Yamai NIM, Jidda JED, Madina MED. A kula da waɗannan haruffa da kyau. Filin jirgin Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, CAN ne, harafi ɗaya tak ya raba shi da na Kano. Duk wanda aka liƙa wa jakarsa takarda a wurin awon kaya, ya karanta haruffan da idonsa kafin jakar ta wuce. Manyan birane kuma sukan mallaki fili fiye da ɗaya. Landan tana da Heathrow da Gatwick da wasu, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce mai cin lokaci.

Hanya mafi sauƙi ta samun nisa ita ce intanet. Akwai shafin Great Circle Mapper, inda za ka rubuta KAN-JED ya ba ka amsa nan take. Sai dai a duba ma'aunin da ya bayar da amsar, domin iri uku ne ke yawo. Akwai kilomita, akwai mil na tudu wanda yake kilomita 1.609, akwai kuma mil na teku wanda yake kilomita 1.852, shi ne kuma ma'aikatan jirgin sama suke amfani da shi. Nisan Kano zuwa Jidda kilomita 3,420 ne ko kusa da haka. A mil na tudu ya kama 2,125, a na teku 1,850. Nisa ɗaya ne, lamba uku. Wanda ya ɗauki 1,850 a matsayin kilomita ya zubar da kusan rabin hanya tun bai fara lissafi ba.

Ina ganin yana da kyau mutum ya iya fitar da wannan lamba da hannunsa ko sau ɗaya ne, don ya san daga ina ta fito. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, an kasa shi digiri 360, don haka kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan digiri 12.0 arewa da Ikwaita, 8.5 gabas. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana kan 21.7 arewa, 39.2 gabas. In ka danna wuri a taswirar waya ka riƙe, za ta nuna maka waɗannan lambobi. To, ratar arewa digiri 9.7 ce, a ninka da 111, an sami kilomita 1,077. Ratar gabas digiri 30.7 ce, amma a nan ba da 111 za a ninka ba. Layukan da suka taso daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu suna da faɗi a Ikwaita, suna ƙara matsewa yayin da ake nesa da ita, har su haɗe a ƙurya. A tsakanin Kano da Jidda, wajen digiri 17 arewa, digiri ɗaya na gabas kilomita 106 ne. A ninka 30.7 da 106, an sami 3,254. Yanzu a ninka 1,077 da kanta, 3,254 ma da kanta, a haɗa su, a danna alamar √ a kalkuleta. Amsar za ta zo wajen 3,430. Tsakaninta da ta kwamfuta bai wuce kilomita goma ba.

Wannan dabara tana aiki a tafiyar da ba ta wuce kilomita dubu uku ko huɗu ba, musamman a yankinmu da ke kusa da Ikwaita. Da tafiya ta yi nisa, ko ta nufi arewa sosai, sai ta fara ƙarya, dalili kuwa shi ne duniya a dunƙule take, taswira kuma a shimfiɗe. Ba a miƙar da ƙwarya a kan tabarma ba tare da an fasa ta ba, haka ba a shimfiɗa duniya a takarda ba tare da an jirkita wani sashe ba. Taswirar da aka fi ratayawa a azuzuwa ta samo asali ne daga wadda Mercator ya zana a 1569 don matuƙa jirgin ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen da ke can arewa. A kanta tsibirin Girinlan yana kama da ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Saboda haka layin da ido ke gani a miƙe a kan taswira ba shi ne mafi gajarta ba. In kana son gani da idonka, nemi ƙwallon duniya irin na makaranta da zare. Ɗora bakin zaren a kan Dubai, ɗaya bakin a kan Los Anjeles, ka ja shi ya yi tsam. Za ka ga bai bi ta Tekun Atlantika ba, ya haura ta kusa da ƙuryar arewa ne, kuma ta can jiragen da ke wannan hanya suke bi. Ka auna tsawon zaren, ka auna kewayen ƙwallon a Ikwaita, ka raba na farko da na biyu, ka ninka da 40,000. Ga nisanka nan. Idan ka ga allon da ke gaban kujerarka a jirgi yana nuna hanya a lanƙwashe, ba zagaye matuƙi yake yi ba, hanyar zaren nan ce aka zana a shimfiɗe.

Da an sami nisa, sai gudu. Jiragen fasinja na yau ba su da bambanci mai yawa a wannan. Ƙanana irin Boeing 737 da Airbus A320 suna yin wajen kilomita 830 a awa in sun daidaita a sama, manya irin Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna yin wajen 900, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga tashi. Yana ɗaukar wajen minti 20 yana hawa, ya ɗauki wajen rabin awa yana sauka a hankali, ga kuma tafiyar ƙasa daga inda aka rufe ƙofa zuwa bakin titi. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce: raba nisa da 850, ka ƙara rabin awa. Kano zuwa Jidda, 3,420 a raba da 850 ya ba da awa 4, da rabin awa ya zama huɗu da rabi. Kano zuwa Madina kilomita 3,560 ne, ƙarin bai wuce minti goma ba. Gwada da Legas zuwa Landan, kilomita 5,000: kusan awa 6 da ƙarin rabi, shida da rabi ke nan, kuma kusan abin da kamfanonin jirage suke rubutawa ke nan. In filin mai cunkoso ne kamar Heathrow ko Dubai, inda jirage ke bin layi kafin tashi, su yi ta shawagi kafin a ba su izinin sauka, to rabin awar nan a mai da ita minti 45 ko awa guda.

Lokacin da ke kan tikiti daga ture jirgi baya yake farawa, ya ƙare a inda aka tsaya aka kashe inji. Kamfanoni kuma sukan ɗan ƙara masa mintuna don kada a riƙa lissafa su cikin masu latti. Don haka in matuƙi ya sanar da awa huɗu da minti biyar, tikiti kuma ya nuna huɗu da minti arba'in, babu wanda ya yi kuskure. Shi zaman sama yake faɗa.

Abin da muka fitar zuwa yanzu shi ne mafi ƙarancin lokacin da tafiyar za ta ci in hanya a buɗe take, iska kuma a kwance. Abu biyun nan su ne ke ɓata lissafi, kuma su ne mutane suka fi mantawa da su.

Jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuma ita ma tafiya take yi. Idan yana gudun 900 kuma iska mai gudun 150 tana tura shi ta baya, a ƙasa 1,050 yake ci. In ta gaba take bugunsa, 750 yake ci, injin kuwa aikinsa ɗaya. A tsayin da jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a sararin Amurka ta Arewa da Turai da Asiya, takan kai kilomita 200 a awa, a lokacin hunturu ma ta haura 300. Ita ce ta sa Niyok zuwa Landan, kilomita 5,550, yake cin wajen awa 7, Landan zuwa Niyok kuma wajen awa 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Wasu suna ɗauka juyawar duniya ce take kawo wannan bambanci, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne, da tafiyar yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa. Iska tare da ƙasa take juyawa, jirgin kuma a cikinta yake.

Kada a ɗauki dokar Turai a ɗora wa sararinmu kai tsaye. A saman Sahel, lokacin damina, iskar can sama daga gabas take tasowa, tana fitowa daga wajen Indiya ta ratso Afirka. A irin waɗannan watanni mai dawowa daga Jidda ne iska ke taimaka wa. Bambancin dai na mintuna ne, bai kai na Atlantika ba. Abin da ya fi taɓa mu shi ne hazon hunturu, wanda ba ya rage gudun jirgi amma yana hana shi sauka. In ƙura ta rufe Kano, jirgi yakan yi ta kewaya sama yana jira, ko a karkatar da shi Abuja ko Legas, ko a hana shi tashi tun daga can. Wanda zai yi tafiya daga Disamba zuwa Fabrairu ya sa wannan a lissafinsa.

Sai hanya. Sama ba daji ba ne da kowa zai yanka inda ya ga dama. An kasa ta yankuna, kowanne da masu kula da shi, akwai kuma hanyoyi da aka shata waɗanda jirage ke bi daga wata alama zuwa wata. Ko a ranar da komai ke lafiya, hanyar da jirgi ya bi takan ɗara ta zare da ɗan kaɗan. Miƙaƙƙen layin Kano zuwa Jidda ya bi ta yankin Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Kusan sawun mahajjatan da ne, waɗanda suka bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙafa da kan raƙumi har gaɓar teku a Sawakin, wasunsu suka shekara da shekaru a hanya, wasu suka zauna a Sudan har jikokinsu na can yau. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka zagaya, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. A watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka riƙa kewayawa. Can arewa ma haka: tun da Rasha ta hana jiragen Turai ratsa sararinta a 2022, Helsinki zuwa Tokyo ya tashi daga wajen awa 9 zuwa wajen awa 13. Garuruwan suna nan inda suke, hanya ce ta toshe.

To ta yaya mutum zai san hanyar da ake bi a makon da zai tashi? Ya ɗauki lambar jirginsa daga tikiti, haruffa biyu da lambobi, ya sa a Flightradar24 ko FlightAware. Za su nuna masa tafiye-tafiyen wannan jirgin na kwanakin baya: ƙarfe nawa ya tashi a zahiri, awa nawa ya yi, ta ina ya bi. In lissafinka ya ce huɗu da rabi, shafin kuma ya nuna shida kullum, ka san akwai zagaye, kuma abin da shafin ya nuna shi za ka riƙe. Amfanin lissafin hannu shi ne ya ba ka ma'aunin da za ka gane an kauce.

Yanzu a koma kan agogo, inda aka fi yin asara. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, saboda haka Jidda da ke gabas da Kano da digiri 30 da 'yan kai tana gaba da awa biyu, a rana da kuma a agogo. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Ghana tana baya da awa ɗaya. Saudiyya da Habasha suna gaba da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. Ingila kuwa tana canzawa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta daidai yake da na Najeriya, sauran watanni tana baya da awa ɗaya. Dokar ita ce a yi duk lissafi da agogo guda, na gida, sai an gama a juya shi zuwa na can.

Ga misali da ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou ta Addis Ababa. Kano zuwa Addis kilomita 3,330, wajen awa huɗu da rabi. Addis zuwa Guangzhou kilomita 8,040, wajen awa 10. A ce zai yada zango na awa 3. Jimla awa 17 da rabi. In ya tashi Litinin ƙarfe 1:00 na rana, zai sauka ƙarfe 6:30 na safiyar Talata a agogon Kano, a ƙara awa 7, ƙarfe 1:30 na ranar Talata ke nan a Guangzhou. Abin lura a nan shi ne, miƙaƙƙen nisan Kano zuwa Guangzhou kilomita 10,940 ne, ta Addis kuma 11,370. Zagayen bai kai kilomita 500 ba, rabin awa ce kawai a sama. Zaman jira a ƙasa shi ne ke cin lokaci. Don haka in ana kwatanta tikiti biyu, a bar kallon taswira, a duba tsawon zango. Ni a ganina zangon da bai kai awa biyu ba kasada ce ga wanda ya taso daga filayenmu, domin lattin minti arba'in a tashi ya isa ya sa mutum ya ga jirginsa na biyu yana tafiya ta taga, ko shi ya shiga kayansa su kwana. Awa uku ta fi kwanciyar hankali. In kuma tikiti biyu ne daban aka saya daga kamfanoni biyu, to a ƙara sosai, domin kamfani na biyu ba ruwansa da lattin na farko.

Akwai ƙananan alamu biyu a tikiti da ke jefa mutane cikin wahala. Ta farko ita ce +1 a gefen lokacin sauka, ma'anarta washegari za a sauka. Ta biyu ita ce agogon awa 24. In an rubuta 00:30 ranar Talata, wannan daren Litinin ne, sha biyu da rabi, kuma tun bayan sallar isha'i ta Litinin ya kamata mutum ya kama hanyar filin jirgi. Mutane da yawa sun zo Talata da dare sun tarar jirgi ya tashi tun jiya.

Ga mai tafiya gabas, yini gajarta yake yi, kuma wannan ya shafi salla. Wanda ya bar Kano ƙarfe 12:00 na rana, bayan awa huɗu da rabi agogon hannunsa zai nuna 4:30, amma a Jidda 6:30 ne, magariba ta yi ko tana gab. Azahar da la'asar duk a sama suka same shi. Gara ya san haka tun yana ƙasa, ya yi alwala kafin shiga, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin haɗa salla da yin ta a jirgi tun kafin ranar tafiya. Mai shan magani bayan kowace awa takwas kuma kada ya bi agogon bango na filin da ya sauka. Ya bar agogon hannunsa a lokacin gida har ya isa masauki, ya ƙirga awanninsa da shi, daga baya ya daidaita bisa shawarar likitansa.

Lissafi na ƙarshe shi ne na ƙofa zuwa ƙofa, wanda shi ne jiki yake ji. Tafiyar ƙasa da ƙasa tana son mutum ya isa fili awa uku kafin tashi. Bayan sauka akwai layin duba fasfo da jiran kaya, wanda ba ya kasa awa guda, a lokacin aikin Hajji kuwa ya wuce haka nesa. Awa huɗu da rabi ta Kano zuwa Jidda, in an haɗa da waɗannan da motar zuwa fili da ta zuwa Makka, ta zama awa goma ko fiye. Da wannan lambar za a shirya abincin yaro da maganin tsoho, kuma a jakar hannu za a sa su. Wanda zai zo tarba kuma a ba shi lambar jirgi da lokacin sauka a agogon garinsa, a ce masa ya duba lambar a waya kafin ya fito daga gida, ya kuma ƙara awa ɗaya a kan lokacin da ya gani.